Gayyar da Na Yi wa Kaka Marta

Mutumin da ya yi mini hanyar zuwa Afirka ta Kudu, Dokta ake ce masa, kuma har yau ban san likitan mene ne ba. Shi ya tabbatar mini akwai makarantar koyon noman inabi a gefen birnin Cape Town, da ɗakin kwana da abinci, in dai na isa shi ke nan. Na isa kuwa. Adireshin da ya ba ni ya kai ni ƙofar wani shagon faci, tayoyi jibge har bakin titi. Na kira lambarsa na ji ta a kashe, kuma a kashen take har gobe.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni daga Katsina ba. Mahaifinmu ya ci inabi a Makka shekarar da ya sauke farali, ya dawo da son abin a ransa, ya kafa lambunsa a bayan gari, can gaba da Ƙofar Guga. Ni ne autansa, ni na tashi ina bin sa da bokiti. Itatuwan sun yi kyau, ganye shar, 'ya'ya manya-manya, amma in ka sa a baki sai ka runtse ido. Tsami ne da ruwa kawai. Masu sayar da kayan marmari kan ɗanɗana su tofar, su ce Allah ya ƙara albarka, su wuce. Da Baba ya rasu, babban wanmu Yaya Lawal, wanda ke aikin gwamnati yana zaune a GRA, ya ce gari ya riga ya cim ma lambun, a yanka shi fuloti-fuloti kowa ya huta. Na roƙe shi ya bar ni in je in koyo. Ya ce ya ji, amma inabin farko da lambun zai yi bayan na dawo shi ne alƙali. In tsamin ne dai, kada in sake buɗe baki.

Da wannan wa'adi a kaina na zauna a kan wata tsohuwar taya, ruwa na tsuga, sanyi na shiga mini har ƙashi, alhali a gida lokacin ana fama da zafin farkon damina. Azahar ta yi. Na fito da gorar ruwa na fara alwala a gefen kwata, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba. Wani dattijo mai furfura da ake yi wa motarsa faci ya tsaya yana kallona har na shafa kai, sannan ya yi mini sallama. Ban taɓa jin daɗin sallama kamar ta ranar ba.

Sunansa Malam Ridwan, Musulmi ɗan asalin garin, direban motar kaya. Da Turanci muka yi magana, nawa na makaranta, nasa mai gudu kamar ana kora shi. Ya ji labarina bai yi dariya ba, ya ce ba ni ne na farko da aka aiko shagon nan ba. Ya kai ni gidansa, matarsa ta ba ni shinkafa da nama mai zaƙi-zaƙi, na ci ina mamakin mutanen da ke sa sukari a miya. Aka ba ni ɗaki a jikin masallacin unguwarsu. Bayan 'yan kwanaki ya ce akwai wata tsohuwa da yake kai wa abincin dabbobi, tana da gonar inabi a gindin duwatsu, tana neman mai kula da tumaki.

Tun kafin mu tsaya na ji warin. Wani dogon farin gini ne a tsakiyar gonar, ƙofarsa a buɗe, ganguna jere a ciki.

Na ce, "Malam Ridwan, giya ake yi a nan?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, a wannan yanki in ka ga inabi, to yawanci can za shi. Na san abin da ke ranka. Ka gaya mata gaskiya, ba ta da wuyar sha'ani."

Sunanta Marta, Baturiya ce gajera mai hannu kamar na maƙeri, mijinta ya daɗe da mutuwa. Ma'aikata na kiran ta da wata kalma ta yarensu mai nufin kaka, ni ma sai na riƙa ce mata Kaka Marta. Na gaya mata ni Musulmi ne, ba zan shiga ginin can ba, ba zan matse ba, ba zan ɗauki kwalba ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Madalla. Na gaji da ma'aikatan da ke son ginin can fiye da gona. Akwai wani ɓangare na inabin ci, ranar girbi can za ka tsaya. Ka iya tumaki?"

Na ce a gidanmu da su na tashi. Ta ɗauke ni a matsayin mai koyo, ita ta tsaya mini a wajen hukuma, wato zamana a ƙasar ya rataya a wuyanta. Duk da haka raina bai kwanta ba, sai da na kira malamina na gida. Ya ce in koyi itacen, in nisanci ganga, in yawaita istigfari, kuma kada in daɗe. Da haka na zauna, ba don zuciyata ta taɓa sakewa gaba ɗaya ba.

Watannin sanyi sun ba ni wuya. Babu kiran salla, sai waya ce ke gaya mini lokaci. Wasu ma'aikatan ba su taɓa kiran sunana ba, Najeriya suke ce mini, ɗaya ma ya tambaye ni a gaban jama'a ko ƙwaya na zo sayarwa. Na yi kewar fura har na gwada dama garin masara da madarar kwali, na sha don kada a yi asara. Hausa kuwa da tumaki kaɗai nake yin ta, kuma sun fi wasu mutanen saurare. Wata safiya Kaka Marta ta gan ni ina rawar ɗari, ta shiga gida ta fito da wata babbar rigar sanyi ta mijinta, ta jefa mini ba ta ce komai ba. Hannun rigar ya wuce yatsuna, sai da na naɗe. Ita ce kuma ta kama hannuna ta koya mini datsar rassa, wane ido za a bari, wane za a zubar.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai, wato ciyawa. Tsakanin layi da layi na inabinta ciyawa ce har gwiwa, da furanni, da wani abu mai kama da alkama, tumaki na kiwo a ciki. Gonar maƙwabcinta kuwa fes, an feshe ta da magani, ƙasa tas kamar tsakar gidan da aka share. Duk sanda muka wuce sai in ji kunya ta kama ni a madadinta. A wajenmu ai ciyawa a gona tonon asiri ne. In ka ga gonar mutum ta cushe, ko dai malalaci ne, ko ba shi da lafiya, ko ba shi da kowa. Sai na yanke wa kaina cewa tsohuwa ce, miji ya mutu, ƙarfi ya ƙare, ma'aikata kuma sun raina ta. Ban tambayi kowa ba, don a tarbiyyar da aka yi mini ba a nuna wa babba gazawarsa. In gonar gwauruwa ta fi ƙarfinta, gayya ake yi mata, a taru a nome, ta wayi gari ta ga aiki ya kammala.

Da sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, ta tafi wajen 'yarta a wani gari. Na samo wata tsohuwar fartanya a rumbun kaya, na wasa ta. Ba ni da jama'ar da zan gayyata, sai na yi gayyar ni kaɗai. Kullum in na gama da tumaki sai in gangara layukan ƙasan tudu, inda ba a cika zuwa ba, in duƙa. Na yi musu noma irin na Bakatsine, ko tsinke ban bari ba. Na kwaso takin garke na zuba wa kowane gindi ba rowa. Na ga ƙasar a bushe, na buɗe musu famfo suka sha suka ƙoshi. Ina yi ina jin daɗi, ina tuna rigar sanyi.

Ranar da ta dawo, shugaban ma'aikata ne ya riga ni kai ta wurin. Na taho ina murmushi, sai na tarar yana ta faɗa da yarensu yana nuna ni, yana nuna hanyar fita. Ita kuwa tana tsaye, fuskarta ta yi ja. A nan na gane ba godiya ke jira na ba. In ta kore ni, zamana ya ƙare, zan koma Katsina hannu biyu, lambun Baba kuma ya zama fulotai.

Ta ce, "Mannir, wa ya sa ka?"

Na ce babu kowa. Na yi mata bayanin gayya da iyakar Turancina, na ce na ga ba ta da mai taimaka mata ne. Sai ta juya wajen shugaban ma'aikata ta ce ya tafi, ta ce mini in biyo ta.

Ta durƙusa a layin da ban taɓa ba, ta tura yatsu ƙarƙashin ciyawa ta ɗebo ƙasa ta zuba mini a tafi. Baƙa ce, mai sanyi, tana warwarewa, ga tana na motsi a ciki. Ta ce shekaru ta yi tana shuka ciyawar nan da hannunta. Ciyawar ce ke rufe ƙasa daga rana, ita ke riƙe ta in ruwa ya kwararo daga tudu, a cikinta ƙwarin da ke cinye masu ɓarna suke zama, shi ya sa ba ta feshi. Kuma ciyawar na ƙwace wa inabi ruwan sama-sama, dole ya tura saiwa can ƙasa ya nema.

Na ce, "To ai wahalar da shi ake yi, Kaka."

Ta ce, "Ƙwarai. Kaɗan, ba da yawa ba."

Ta ciro wani jan ƙyalle daga aljihu ta yayyaga, ta ɗaura a turakun layukan da na nome. Ta ce ba za ta kore ni ba, don tun da mijinta ya mutu ba wanda ya yi mata aikin da ba ta sa shi ba. Amma layukan nan sun zama nawa. In ci gaba da kula da su yadda ake yi a garinmu, ita kuma za ta yi sauran yadda ta saba, mu haɗu ranar girbi.

Ba zan ɓoye ba, a raina na ce tsohuwar nan za ta sha mamaki. Layukana suka yi ganye har suna rufe hanya, kore shar, nata kuwa ga su nan dai kamar marasa gata. Ina wucewa ina ƙara gyara hula. Sai da 'ya'ya suka fara nuna na ga wata farar fumfuna na bin nawa a cikin duhun ganyen, inda iska ba ta shiga. Na yi ta tsinke ganye ina addu'a. Nata ko a jikinsu.

Girbi ya faɗo cikin azumi. Ni ina can ɓangaren inabin ci kamar yadda muka yi alkawari, rana na dukan ƙeya. Wajen azahar sai ga ta da nonon inabi biyu a cikin hularta, ta ce in ɗanɗana. Na ce ina azumi, sai rana ta faɗi. Ta ce au, ta juya. Na ɗauka ta manta. Da yamma na fito daga wajen tumaki, na same ta zaune a kan akwatin girbi a ƙofar ɗakina, hular a cinya, tana kallon rana tana jira ta faɗa bayan dutse. Matar da ba ta san azumi ba, ga aiki jibge a gabanta, ta zo ta zauna jiran buɗe-bakina.

Da lokaci ya yi na yi bisimilla, ta miƙo mini na layina. Manya ne, sumul-sumul. Na sa ɗaya a baki, ruwa ya fashe, tsami ya biyo baya, na runtse ido. Sai ga ni a lambun Baba. Wannan ɗanɗanon ne sak, wanda na tashi da shi, wanda masu kayan marmari ke tofarwa. Na ga Baba da butarsa da buhun takinsa, yana shayar da itatuwan nan safe da yamma saboda tsabar son da yake musu. Hawaye suka zubo mini, na kewa da na baƙin ciki a haɗe, ban ma yi ƙoƙarin ɓoye su ba.

Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo nata. Ƙanana ne, fatarsu da kauri. Na tauna, zaƙi ya cika mini baki, da wani ƙamshi da ya daɗe bai tafi ba.

Ta ce, "Ni ba na ƙara wa inabi komai a ginin can. Abin da ke cikin ƙwayar nan shi ke fitowa a kwalba. In ruwa ka ba shi, ruwa za a sha. Masu saye daga nesa suke zuwa saboda wannan ƙanƙantar."

Na tambaye ta yadda za ta yi da nawa. Ta ce ba za ta haɗa shi da nata ba, zai tsinka mata aikin shekara, ruwan khal za ta yi da shi, wato ruwan tsami na zubawa a abinci. Na ba ta haƙuri a kan asarar. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ta taɓa yin asarar da ba ta koya wa kowa komai ba. Ni kuwa a ɓoye na yi hamdala, ko ba komai noman da na yi da fartanya bai shiga kwalbar kowa ba. Sauran abin da hannuna ya taɓa a gonar, na bar wa Allah.

Bayan salla na yi sallama da ita. Malam Ridwan ne ya kai ni filin jirgi da motar kayansa, ya ƙi karɓar ko na mai.

Na dawo Katsina gab da damina. Ƙasarmu ba tasu ba ce, don haka ban kwafo komai ido rufe ba. Na watsa wake tsakanin layuka, na bar ciyawa ta fito tare da shi, da niyyar in ruwa ya ɗauke in yanke in shimfiɗa a gindin itatuwa. Na daina takin zamani, na koma na garke, shi ma da awo. Kafin wata ya zagayo maganar ta cika unguwa. A majalisar ƙofar gida aka ce Mannir ya hau jirgi ya je ya koyo lalaci. Wani ya tambaye ni ko kiwon macizai na fara.

Wata Asabar da safe na isa lambu na tarar da motar Yaya Lawal a bakin shinge. Ya zo da 'yan ƙwadago, sun riga sun share layukan bakin ƙofa tas, ga buhun taki a buɗe. Shi kansa ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya naɗe wando, fartanya a hannu, gumi na ɗiga daga gemunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki zan yi magana mai zafi. Sai na lura da yadda ya riƙe fartanyar, irin riƙon Baba. Mutumin da ke cewa a sayar, shi ne duƙe a cikin lambun.

Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, sannan na ce, "Yaya, mi ya kawo wanga aiki?"

Ya ce, "Kai ko kunya ba ka ji? Lambun Baba ya koma daji, mutane na wucewa suna zunɗen mu. In ka gaza ka hwaɗi, ba ni iya gani."

Na ce wa 'yan ƙwadagon su dakata haka nan. Na sami wani tsohon ƙyalle a bukka na yayyaga, na ɗaura a turakun layukan da suka nome. Na ce, "Yaya, waɗannan naka ne. A yi masu yadda Baba ke yi, taki da ruwa duk yadda ka ce. Sauran ka bar mani. In sun nuna mu haɗu."

Ya ce, "Kuma maganarmu tana nan."

Na ce tana nan.

Rani ya shigo, muka datse rassa, itatuwa suka yi fure suka ɗaura 'ya'ya. Da suka fara nuna na rage wa nawa ruwa, ina yi ina shakka, don ban san ko abin da ya yi a gindin duwatsun can zai yi a yashin Katsina ba. Layukan Yaya kuwa sun yi shar, duk wanda ya leƙo su yake yabo.

Ranar da na kira shi, bayan la'asar ya zo. Muka zauna a kan tabarma a bakin rijiya, na ajiye nono biyu a faranti. Ya fara ɗaukar nasa, manyan. Ya tauna, ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Ya ce a hankali, "Wanga na Baba ne."

Sannan ya ɗauki ƙaramin. Bai kai na Kaka Marta ba, ni na sani, amma zaƙi ne na gaskiya. Ya ci ɗaya, ya ci na biyu, ya ci gaba da tsinka yana kallon layukan har ya bar tsinke.

Ya ce, "Gobe zan gaya ma dillalin fulotan nan ya nemi wani wuri." Ya nuna layin farko na bakin ƙofa. "Amma wancan guda, kada ka sa mashi ciyawarka. Ka bar mani shi yadda Baba ya bar shi."

Haka aka yi. Na aika wa Malam Ridwan hoton lambun, na roƙe shi in ya kai abincin tumaki ya nuna wa Kaka Marta, ya ce mata na gode, Allah ya saka mata da shiriya da alheri. Ya ce ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi me ya sami layi ɗaya ya zama tsirara.

Yanzu masu kayan marmari har lambu suke biyo ni. Layin bakin ƙofa kuwa ba mai sayen inabinsa, kuma ba ma kai shi kasuwa. Duk damina Yaya Lawal kan zo ranar Asabar, ya rataye babbar riga, ya nome shi da hannunsa. In ya nuna sai a kai gidanmu na Ƙofar Guga, mu taru da 'ya'ya da jikoki, kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya runtse ido, mu yi wa Baba addu'a.